Larry Robinson: me ya sa gwanin ɗan baya ya fi daɗewa a kujerar mataimakin koci?

Tambayar da aka yi ita ce: Larry Robinson, ɗan Kanada da ya yi kakar wasa 20 yana tsaron baya a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ya ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau shida yana ɗan wasa, ya sake ɗauka a 2000 yana babban koci. To me ya sa mafi yawan shekarunsa na horarwa ya yi su a matsayin mataimaki ko mai ba da shawara? Kasawa ya yi? Kuma wai me ya iya ne da har yau ake ambatonsa in ana zancen 'yan baya?

Bai kasa ba. Abin da Robinson ya ƙware a kai, wato tsaron baya, sana'a ce ta ƙananan abubuwa: inda za ka tsaya, inda za ka ajiye sanda, lokacin da za ka juya. Irin wannan ilimi mutum da mutum ake koyar da shi, a kan ƙanƙara bayan an tashi atisaye, ko a gaban bidiyo. Aikin babban koci daban ne, shi ne zaunar da ɗan wasa a benci, amsa wa 'yan jarida, da ɗaukar laifin kowace rashin nasara. Robinson ya yi duka biyun, amma na farkon ne ya karɓe shi. Sai dai ba za a gane haka ba sai an fara sanin aikin ɗan baya.

Filin NHL tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa ƙafa 85, kewaye da katangar allo. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a ciki: mai tsaron raga ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Abin da ake bugawa faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Shuɗayen layuka biyu sun raba filin uku: yankinka, tsakiya, da yankin abokan hamayya. Ana wasa zango uku, minti 20 kowanne. Ɗan wasa ba ya daɗewa a ciki, daƙiƙa 40 zuwa 50 ya fito wani ya shiga, wasa na tafiya. Ƙungiya kan sa 'yan baya shida a wasa, bibbiyu, kuma babban cikinsu yakan tara minti 25 ko fiye.

Abu na farko, kuma mafi wuya, shi ne tazara. Ɗan gaba yana tahowa da gudu da faifai a sandarsa, kai kuma kana sulɓi da baya da baya kana fuskantarsa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, lokacin da ya iso shuɗin layinka, kada tazarar da ke tsakaninku ta wuce tsawon sanda ɗaya zuwa biyu, kuma saurinku ya zama ɗaya. Sandar yau dokar gasar ta tsayar da ita a inci 63 ga yawancin 'yan wasa, don haka ana maganar ƙafa biyar zuwa goma ne. In ka bar tazara mai yawa, ka ba shi layin kyauta: zai shigo, ya ɗaga kai, ya zaɓi bugu ko miƙawa, ko ya yi amfani da jikinka ya tare wa golanka gani. In kuma ka matso alhali ba ka da sauri, zai wuce ka kamar kana tsaye. Kuskuren yawanci ba a shuɗin layi yake faruwa ba, tun can gaba ne. Yaron da ke tsoron a wuce shi yakan fara ja da baya tun faifai bai fito daga yankin abokan hamayya ba, sai ya iso gida ya tsaya cik, ba sauri ba tazara. Maganinsa shi ne ya bi harin ƙungiyarsa a kusa, in an ƙwace faifai ya riga ya kasance a jikin mutuminsa, su taho tare.

Na biyu, gefen da za ka ba shi. Akwai ɗigo-ɗigo na fara wasa a kowane yanki, ƙafa 22 daga tsakiyar fili ta kowane ɓangare. Tsakanin waɗannan ɗigo biyu har zuwa bakin raga, nan ake cin yawancin ƙwallaye. Saboda haka ɗan baya yakan daidaita kafaɗarsa ta waje da kafaɗar ɗan gaba ta ciki, ya toshe tsakiya, ya bar masa hanyar katanga, kamar yadda makiyayi ke kora saniya zuwa lungun shinge ba tare da ya taɓa ta ba. Ido a ƙirjin mutum ake sa shi, ba a faifai ba, domin hannu da kai suna yaudara, ƙirji kuwa inda ya nufa nan mai shi zai bi. Sanda a hannu ɗaya, bakinta a kan ƙanƙara, gwiwar hannu a lanƙwashe. Wannan lanƙwasar tana da muhimmanci: in ka miƙe hannu tun farko, ɗan gaba ya ga iyakar inda za ka kai, sai ya kewaye. In ka ɓoye tsawon, sai ya shigo cikin da'irarka kafin ka zungure faifan. Wanda ya yi zunguri da dukkan jikinsa ya kuskure, nauyinsa ya koma gaba, ƙafafunsa sun tsaya, an gama da shi.

Sai juyawa. In ɗan gaba ya bi ta gefe, dole a wani lokaci ka juya daga baya da baya zuwa gaba. Ana buɗe ƙugu ne zuwa ɓangaren da yake, ƙafar da ke kusa da shi ta juya waje, ɗayar ta tura. Wanda ya gicciye ƙafafu da wuri, ko ya juya ta ɓangaren da ba daidai ba ya ba mutum baya, ya yi asarar taki biyu, kuma taki biyu a wannan wasa sun isa. Kusan kowane ɗan baya yana da gefen da juyawarsa ta fi rauni, masu nazarin bidiyo na ɗaya ƙungiyar kuma sun san shi.

In mutum biyu suka taho maka kai kaɗai, ka tsaya a tsakaninsu, ka toshe hanyar miƙawa, ka bar wa gola mai faifan. Gola zai iya tare bugun da yake gani, abin da ke kashe shi shi ne faifan da ya ratsa daga gefe zuwa gefe a bakin raga. In kuma aka jefa faifai bayan ragarka, kafin ka isa gare shi ka waiwaya ta kafaɗa, sau biyu in da hali, ka san ta ina mai matsa maka yake zuwa da inda abokanka suke. Daga nan zaɓi kaɗan ne: ka miƙa wa abokin tsaronka ta bayan raga, ka zagaya raga da shi da kanka, ka mayar da shi ta jikin katanga zuwa inda ka fito, ko ka ba ɗan gefe da ke jira. Wanda bai waiwaya ba sai ya karɓi faifai sannan ya fara tunani, a nan ake manna shi da katanga, ko ya jefa shi makance ta tsakiya, wanda shi ne zunubi mafi girma a wannan matsayi.

Yanzu a ɗora wannan a kan mutum mai tsawon ƙafa shida da inci huɗu, nauyi kusan kilo 100, wanda kuma ya fara wasa a gaba kafin a mayar da shi baya tun yana matashi. An haifi Robinson ranar 2 ga Yuni 1951 a Winchester ta lardin Ontario, ya tashi a gonar kiwon shanun madara. Ya yi wa Brockville Braves da Kitchener Rangers wasa a matakin matasa. A zaɓen matasan 'yan wasa na 1971, Montreal Canadiens ta ɗauki ɗan gaba Guy Lafleur a na ɗaya, ta ɗauki Robinson a na 20. Ba a kai shi babbar ƙungiya nan take ba. An tura shi ƙaramar ƙungiyarsu, Nova Scotia Voyageurs, a birnin Halifax, a ƙarƙashin Al MacNeil, inda suka ɗauki Kofin Calder a 1972. A Janairun 1973 ya hau Montreal, a ƙarshen wannan kakar kuma ya ɗauki Kofin Stanley na farko. Wannan shekara da rabi a ƙaramar gasa ba ɓata lokaci ba ne. Ɗan baya yakan fi ɗan gaba jinkirin nuna, domin aikinsa karatun wasa ne, shi kuwa sai an ga abu sau ɗari.

A Montreal ya tarar da Serge Savard da Guy Lapointe, koci Scotty Bowman, da Ken Dryden a raga. 'Yan baya ukun nan, Robinson, Savard da Lapointe, su ne ginshiƙin ƙungiyar da ta ɗauki kofi huɗu a jere, 1976 zuwa 1979. Abin lura shi ne yadda Savard ya sauƙaƙa masa aiki. In ɗan baya ɗaya ya ɗauki faifai ya ruga gaba, dole ɗayan ya zauna, dole kuma wani ɗan gaba ya dawo ya cike gurbi. Savard mai haƙuri ne, bai cika barin wurinsa a banza ba, don haka Robinson ya samu damar kai hari ba tare da an bar gida a buɗe ba. Kakar 1976-77 ita ce shaida: ya ci ƙwallo 19, ya taimaka aka ci 66, maki 85 ke nan, ƙungiyar ta ci wasa 60, ta faɗi 8 kacal, ta yi canjaras 12. Ta zura 387, aka zura mata 171. A wannan shekara ya karɓi kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya, ya sake karɓa a 1980. A 1978 an ba shi kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen neman kofi, bayan ya tara maki 21 a wasa 15.

Akwai wani ma'auni da ake yawan jingina masa. Duk lokacin da ƙungiyarka ta ci kana cikin fili ana rubuta maka ƙari ɗaya, in an ci ku a rage ɗaya, ban da ƙwallon da ƙungiya ta ci lokacin da ta fi yawan mutane saboda an kori wani. A 1976-77 Robinson ya tashi da ƙari 120, Bobby Orr kaɗai ya taɓa wuce haka a kaka ɗaya, da 124. A jimillar rayuwar wasa kuwa ya haura ƙari 700, babu wanda ya kamo shi. Amma a yi hattara da wannan lissafi, yana yi wa ɗan babbar ƙungiya kara. Wanda ke wasa a gaban Dryden, a bayan Lafleur, dole lambarsa ta kumbura. Abin da ya fi gamsarwa shi ne a kaka 20, ƙungiyarsa ba ta taɓa rasa shiga zagayen neman kofi ba, kuma a 1985-86, yana da shekara 34, yawancin tsofaffin abokansa sun watse, ya tara maki 82, Montreal ta ɗauki kofi da sabon gola Patrick Roy.

Zancen ƙarfinsa ma yana buƙatar gyara, domin mutane sun fi tuna dukan da ya yi wa Gary Dornhoefer, ɗan wasan Philadelphia Flyers, a karon ƙarshe na neman kofi a 1976. Philadelphia Flyers ta ɗauki kofi a 1974 da 1975 da salon tsoratarwa da dambe. A wasa na biyu, a filin Forum na Montreal, Robinson ya haɗa Dornhoefer da katanga har allon ya lotsa, aka tsayar da wasa ma'aikata suka gyara. A zagayen neman kofi, wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke da nasara, Montreal kuwa ta cinye huɗu a jere. Amma a duba wannan: a wasa 1,384 na rayuwarsa, mintunan hukuncin Robinson, wato lokacin da alƙali ya fitar da shi daga fili saboda laifi, 793 ne. Dave Schultz na Flyers a kaka ɗaya, 1974-75, ya tara 472. Wato Robinson yana da ƙarfin amma bai cika kashe shi a banza ba. Ɗan bayan da ke farautar duka yakan bar wurinsa, in ya kuskure sai abokinsa ya rage shi kaɗai da mutum biyu.

Ya karya ƙafa a 1987 yana wasan folo, ya dawo, ya bar Montreal a 1989 zuwa Los Angeles Kings, ya yi kaka uku tare da shahararren ɗan gaba Wayne Gretzky, ya ajiye sanda a 1992 da ƙwallo 208 da maki 958. A can ya haɗu da wani matashin ɗan baya, Rob Blake.

A 1993 tsohon abokin wasansa Jacques Lemaire ya zama kocin New Jersey Devils, ya ɗauke shi mataimaki mai kula da 'yan baya. Tsarin Lemaire tarko ne a tsakiyar fili. Ɗan gaba ɗaya yakan matsa wa mai faifai ta yadda zai tilasta shi bin gefe guda, biyu su jira a tsakiya, ɗaya ya rufe katanga ɗaya ya rufe hanyar ratsawa, 'yan baya biyu kuma su tsaya kusa da shuɗin layinsu. A dokar wancan lokaci ba a yarda faifai ya ƙetare layi biyu, wato shuɗin layinka da jan layin tsakiyar fili, a miƙawa ɗaya ba, don haka babu hanyar tsallake tarkon da dogon fasin. Raunin tsarin yana wurin 'yan baya: in suka ja da baya, sai rami ya buɗe tsakaninsu da 'yan tsakiya, tarkon ya zama banza. Dole su riƙe layi, su amince ɗan gaba zai dawo. Wannan ita ce tazarar da aka yi bayani a sama, kuma ita Robinson ya zo koyarwa. Yana da kayan aiki: Scott Stevens, Ken Daneyko, da Scott Niedermayer wanda bai fi shekara 20 ba. Stevens ya zo da suna a kai hari da zafin rai, a 1993-94 ya tara maki 78, daga baya aka mayar da shi mai kashe babban ɗan gaban abokan hamayya, makinsa ya ragu, ƙungiyar ta fara ɗaukar kofi. A 1995 Devils ta share Detroit wasa huɗu ba ko ɗaya. A wannan shekarar aka sa Robinson a zauren girmama gwanayen hoki.

Nasarar ce ta sa Los Angeles ta ba shi babban koci a 1995, a lokacin da bai dace ba. Ƙungiyar na fama da rikicin kuɗi da sauyin masu ita, a Fabrairun 1996 kuma aka tura Gretzky St. Louis Blues. A kaka huɗu, sau ɗaya ya kai su zagayen neman kofi, a 1998, St. Louis ta fitar da su huɗu ba ko ɗaya. Wasa na uku a wannan karo darasi ne: Kings na gaba da ci 3 da nema a zangon ƙarshe, ɗan bayansu Sean O'Donnell ya rama wa golansu da duka, aka ba shi hukuncin minti biyar, Blues ta zura huɗu kafin ya fito. Hukuncin minti biyar ba ya ƙarewa don an ci, saɓanin na minti biyu, shi ya sa yake da haɗari. Amma a wannan kakar dai Rob Blake ya karɓi kyautar Norris. Ko a inda ƙungiyar ba ta yi nisa ba, hannunsa ya fito a kan ɗan baya.

Ya koma New Jersey mataimaki a 1999. Ranar 23 ga Maris 2000, saura wasa takwas a gama kaka, babban manaja Lou Lamoriello ya sallami babban koci Robbie Ftorek ya ɗora Robinson. Mataimakinsa Slava Fetisov ne, shi ma gagarumin ɗan baya daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuma akwai sababbin 'yan baya biyu, Brian Rafalski da Colin White. Sun share Florida. A wasa na shida da Toronto, bugu shida kacal Toronto ta iya kaiwa raga a minti 60. Da Philadelphia kuwa aka yi musu uku da ɗaya, saura ƙiris a fitar da su. Bayan wasa na huɗu Robinson, wanda aka sani da sanyin hali, ya shiga ɗakin sauya kaya ya yi musu kaca-kaca har da harbin kwandon shara. Suka ci uku a jere, suka doke Dallas a wasa shida, Jason Arnott ya ci ƙwallon ƙarshe a ƙarin lokaci na biyu. Faɗan ya yi aiki ne domin ba halinsa ba ne. Kocin da ke ihu kullum, 'yan wasa sun daina jin sa tun Nuwamba.

Masu cewa shi tsaro kawai ya sani su duba kakar da ta biyo. Devils ta fi kowace ƙungiya zura ƙwallo a 2000-01, 295, ta sake kaiwa wasan ƙarshe, tana gaba uku da biyu, Colorado ta ƙwace a wasa na bakwai. Wata bakwai bayan haka, a Janairun 2002, ƙungiyar ta yi sanyi, aka sallame shi aka kawo Kevin Constantine. Abin da ya biyo baya ya fi komai amsa tambayar: cikin 'yan makonni ya dawo ya zama mataimakin mutumin da ya gaje shi. Ba kowane koci mai kofi a hannu zai yarda da wannan ba. Yana cikin masu horarwa lokacin da Devils ta sake ɗaukar kofi a 2003 a ƙarƙashin Pat Burns.

An sake ba shi kujerar a 2005, bayan rashin lafiya ta tilasta wa Burns sauka. Wannan karon komai ya sauya. An dawo daga shekarar da rikicin albashi ya cinye kaka ɗungurungum, an sa iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe, an soke dokar layi biyu, alƙalai kuma sun fara hukunta riƙo da maƙale sanda ba sassauci. Ɗan bayan da a da yake rage wa mutum gudu da hannu ko sanda, yanzu sai da ƙafafunsa. Stevens ya yi ritaya, Niedermayer ya koma Anaheim, ɗan gabansu Patrik Elias na jinya. Ranar 19 ga Disamba 2005 Robinson ya ajiye aikin da kansa, ya ce damuwa da ciwon kai sun yi masa yawa. Ba kora ba ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: mataimaki shi ne wanda ɗan wasa ke zuwa wurinsa bayan ya yi kuskure, babban koci shi ne wanda ke yanke cewa gobe ba za ka yi wasa ba. Mutumin da ƙarfinsa yake wurin kusanci da 'yan wasa, kujera ta biyu tana cin sa.

Daga nan bai sake karɓar babban koci ba, amma bai rasa aiki ba. Ya ci gaba da zama mataimaki a New Jersey, har wasan ƙarshe na 2012 da Los Angeles ta doke su. Montreal ta jingine lambar rigarsa, 19, a Nuwamban 2007 don girmama shi, wato babu ɗan wasanta da zai sake sa ta. A 2012 ya koma San Jose Sharks a ƙarƙashin Todd McLellan, daga baya ya riƙe sashen raino da gyaran matasan 'yan wasa. A 2017 St. Louis Blues ta ɗauke shi babban mai ba da shawara. A farkon Janairun 2019 Blues ce ta ƙarshe a teburin gasar baki ɗaya, ƙarƙashin kocin riƙo Craig Berube. A Yuni ta doke Boston a wasa na bakwai, 4 da 1, a gidan Boston, ta ɗauki kofinta na farko, da manyan 'yan baya masu dogayen sanduna: Alex Pietrangelo, Jay Bouwmeester, da Colton Parayko mai ƙafa shida da inci shida. Wannan ne kofi na goma da Robinson ya samu rabo a ciki, shida yana ɗan wasa, ɗaya yana babban koci, uku yana bayan wani.